Baƙin Allo da Idon Oga Bulus

Tun da na fara zuwa ofishin nan ina duba muku aiki, babu makon da ba na jin musun nan. Wannan ya ce duk wanda bai iya rubuta umarni a baƙin allo ba bai san aikin manhaja ba, ɗan danne-danne ne kawai. Waccan ta ce ita da maus ɗinta da tagoginta za ta gama aikin yini kafin shi ya tuna yadda ake rubuta layi ɗaya. Kuna yi kamar musun ƙwallo, kowa da kulob ɗinsa, azahar na yi ku ɗunguma cin shinkafa tare. Shi ya sa na ga gara in rubuta muku abin da na gani, don ni a gabana wannan musun ya raba mutum da kujerarsa, kuma mutumin nan shi ya koya mini aikin da nake ci da iyalina har yau.

Sunansa Oga Bulus, ɗan Gbagyi ne daga Karu, nan gefen Abuja. Tun yana saurayi ya tafi Legas, ya koyi kwamfuta a zamanin da sai an huda kati ake ba ta umarni. A can na same shi yana shugabantar ɗakin kwamfuta na wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, ni kuma na zo daga Zariya da takardata sabuwa fil da girman kai daidai gwargwado. Hausarsa ta Karu ce da ta sha ruwan Legas, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Aikinmu shi ne rubuta furogiram ɗin da ke riƙe da bayanan ma'aikata, da gyara shi, da fito da abin da aka nema: wane yana wane sashe, yaushe aka ɗauke shi, ina aka tura shi.

Kayan aikin ba su da yawa. Babbar na'ura ɗaya mai tsayin firji a ƙuryar ɗaki, sai allo biyu da kibod biyu, nasa da nawa. Allon baƙi wuluk, haruffa kore, da wani ɗan tabo da ke ƙyaftawa yana jiran ka. Ba hoto, ba kibiya, ba abin da zai tuna maka komai, abin da ke kanka shi kaɗai gare ka. In ka rubuta daidai ta yi maka. In ka rubuta ba daidai ba, wani lokacin ta ƙi, wani lokacin kuma ta yi maka ɓarnar da zuciya ɗaya, kuma wannan shi ne abin tsoron.

Aikin farko da ya ba ni shi ne in share wasu tsofaffin fayil da suka cika wuri. Na rubuta umarnin, yatsana ya nufi maɓallin Enta, sai ji na yi an buge mini hannu da rula.

"Ɗaga hannu," in ji shi. "Duka biyu. Oya, karanta abin da ka rubuta, da ƙarfi."

Na karanta. Ya ce in faɗa masa da Hausa abin da na'urar za ta yi, na faɗa. Ya ce in duba a wace folda nake, na duba. Sannan ya ce in buga.

"Wannan na'ura ba shi da kunya, Malam Habu. Ba zai tambaye ka ko ka tabbata ba. Kai ne za ka tambayi kanka."

Ƙa'idar ɗakin ke nan. Duk umarnin da zai share ko ya canza wani abu, wanda ya rubuta zai ɗaga hannu sama, ya karanta a fili, ɗayan ya ce ya ji, sannan a buga, sannan a karanta amsar da ta fito ita ma a fili. Baƙi in sun leƙo suka ga Bahaushe da ɗan Gbagyi sun ɗaga hannuwa a gaban allo, sukan ja da baya a hankali, a zatonsu addu'a muke yi.

Da aka ce ma'aikatarmu ta tattara ta koma Abuja, dariya Oga ya yi, ya ce ya gudu daga Karu ya bi gwamnati, ga shi gwamnati ta biyo shi gida. Kwashe bayanan nan ya fi kwashe kujeru da tebura wuya. Mun juye komai a kan faya-fayan tef masu faɗin faranti, kwafi biyu, ya kuma hana a sa su a mota ɗaya. Kwafi ɗaya ya shiga tirela tare da na'urar, an naɗe ta da katifu. Ɗayan ni na rungume shi a cinya a motar haya tun daga Legas, da gargaɗin kada in kuskura in zauna kusa da sifikar mota, don maganaɗisun cikinta yana cinye abin da ke kan tef. Har faɗa na yi da kwandasta a kan kujera, yana tambayata ko zinariya na ɗauko.

Ban taɓa shan wuya a aiki kamar ta wannan shekarar ba. Ginin da aka ba mu ba a gama shi ba, ga damina ta sauka, jar laka har kan matakala. Babu na'urar sanyaya ɗaki, tamu kuwa da ta ji zafi sai ta ɗauke, don haka muka kewaye ta da fankoki. Ɓeraye suka ci mana waya. Ruwa ya taɓa shigowa ta taga, sai da muka je Dei-Dei da kanmu muka sayo katako aka yi mana dakali muka ɗora ta a kai. Ni ban sami gida ba, na kama ɗaki a Masaka, iyalina suna Zariya. Shi yana gidansu na gado, don haka motar da ta ɗauko ni da safe ita ke tsayawa ta ɗauke shi a Karu.

A wannan motar na fara lura ba ya gane ni sai na yi magana. Ban kawo komai a raina ba, har wata safiya ina durƙushe ƙarƙashin tebur ina haɗa wayar da ɓera ya ci. Ya buga umarni, ya ce in karanta masa amsar. Na ce, "Oga, ai ga ta nan a gabanka." Da na ɗago sai na ga hancinsa ya kusa taɓa gilashin allon.

"Rufe ƙofa," ya ce.

Na rufe.

"Suga ya shiga idona. Tun Legas ya fara. Ina ganin haske, ina ganin mutum kamar inuwa, amma rubutu ya tafi. Likita ya ce ba zai dawo ba."

Saura masa 'yan shekaru ya cika lokacin ritaya, kuma yana da 'ya'ya a makaranta. Mu duka mun san in maganar ta kai sama, sallamarsa za a yi a kan rashin lafiya. Bai ce in rufa masa asiri ba, ni ma ban ce zan rufa ba. Na miƙe na karanta masa abin da ke kan allon, muka ci gaba da aiki.

Abin mamakin shi ne aikin bai ragu da komai ba. Kibod ba ya buƙatar ido, furogiram ɗin kuwa yana kansa gaba ɗaya, ya san wane fayil ke yin me, ya san inda kowane gyara yake. Ƙa'idar karatu a fili da ya kafa tun idonsa garau ita ta zama rufin asirinsa. Na tuna lokacin da aka haɗe wasu sassa aka raba wasu saboda ƙaura, ya zama dole a canza lambar sashen dubban ma'aikata. Ya zauna ya rubuta 'yan layuka, ya ɗaga hannu ya karanto su da ka, ni ina bin allon da ido. Muka gwada a kan kwafi, ya yi daidai, muka sake shi a kan na gaske. Kafin shayinsa ya huce an gama. Ku masu maus ku riƙe wannan. Aikin da za a maimaita sau dubu, ko wanda za a sake yi gobe, rubuta shi ake yi. Abin da ka rubuta yana nan, za ka karanta shi, ka gyara shi, ka miƙa wa wani. Abin da ka danna kuwa ko kai ba za ka tuna yadda ka bi ba bayan mako ɗaya.

Ku masu baƙin allo kuma kada ku yi saurin tafi. Duk faɗin ma'aikatar nan mu biyu kaɗai muka iya magana da na'urar. Ba a ba ma'aikaci gida a Abuja sai ya kawo takarda daga wurinmu mai nuna an taso da shi da kuma matakinsa, saboda haka kullum barandarmu cike take da direbobi da masinjoji da akawuna. Wasunsu a ofis suke kwana a kan kwali. Hajiya Rabi, shugabar rajista, Bakatsiniya ce da ba ta tauna magana. Takan tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Oga Bulus, mutanen nan fa a kan tebur suke kwana. Ni da 'yan ofishina muna zaune mun naɗe hannu, ku biyu kun rungume na'ura kamar jaririn da ba a yi wa suna ba."

"No wahala, Hajiya, muna kai."

"Kullum kuna kai. Yaushe za ku sauko?"

Ya gwada koya musu umarnin, abin bai yiwu ba. Ba don ba su da kai ba, sai don mutumin da ke da nasa aikin ba zai haddace namu ba, kuma kuskure ɗaya ya isa ya sa ya ji tsoron taɓa kibod har abada.

Bayan damina Darakta ya kawo sababbin kwamfutoci ƙanana, masu allo mai launi da maus. Umarninsa a fili yake. A sake rubuta furogiram ɗin da tagogi da maɓallai yadda 'yan rajista za su yi aikin da kansu, a kuma ajiye tsohuwar na'ura da baƙaƙen allunanta. Oga Bulus, a matsayinsa na shugaban ɗaki, shi zai gwada sabon ya ce ya yi ko bai yi ba. In ya ce ya yi, shi zai koyar da su. In ya ce bai yi ba, a ci gaba da tsohon.

Sabon kayan aikin da ido ake gini da shi. Ka ja akwati da maus ka ajiye a nan, ka ɗauko maɓalli ka ɗora a can, ka matsar da shi har ya zauna daidai. Babu ta inda Oga zai kama. Ya ce wa Darakta Malam Habu ne mai sabon jini, shi zai gina, shi kuma zai duba. Ba zan ɓoye muku ba, aikin ya yi mini daɗi. Shafin da a da nakan yi kwanaki ina ƙirga haruffa don layukansa su daidaita, yanzu kafin azahar na zana shi. In furogiram ya kauce, sai in tsayar da shi a tsakiyar tafiya in leƙa cikinsa in ga inda ya karkace, ba sai na yi ta lalube ba. Oga yana gefena yana zayyano mini ƙa'idojin da ke kansa, wane bayani ba a barinsa fanko, wane ba a canza shi sai da izini. Bai rage mini ko ɗaya ba. Ni kuwa duk maɓallin da na ɗora na san ina rage masa kwana a kujerar nan, kuma abin ya dame ni ƙwarai.

Da aikin ya kusa kammala, wata rana muna cin gasasshiyar doya da manja a ɗakin, na sassauta murya.

"Oga, abin nan fa sabo ne. In ka ce bai nuna ba tukuna, babu mai iya musa maka, ni ma zan ce haka ne. Sai a ja shi zuwa baɗi, in baɗin ta zo mu san abin faɗa."

Ya daɗe yana tauna. Daga baranda ana jin hayaniyar masu jira.

"Na ji ka," ya ce.

Har ranar gwaji ban san inda ya dosa ba.

Ranar gwajin Darakta ya zo da kansa da hantsi, Hajiya Rabi na biye. Aka nuna wa Oga kujera, ya ce a'a, ba shi aka yi wa abin ba, Hajiya ce za ta zauna. Ta zauna ta damƙi maus kamar za ta yi guga. Shi kuma ya tsaya a bayanta ya goya hannu, ya shiga jefo mata masu wuya. Ta nemo mutum biyu masu suna ɗaya a sashe ɗaya. Ta nemo matar da ta canza suna bayan aure. Ta gwada ba ma'aikacin da ya rasu takardar gida, a ga ko furogiram ɗin zai yarda. Ya sa aka zare wayar wuta ana tsakiyar adana bayani, aka mayar, aka duba ko wani abu ya lalace. Duk maɓallin da ta danna sai ya sa na faɗi umarnin da ke ƙarƙashinsa. Har rana ta take yana yi, gumi ya jiƙa masa riga. Ni da na san shi na gane abin da yake nema. Aibi na gaskiya yake nema, wanda zai iya faɗa ba tare da ya yi ƙarya ba, bai kuwa samu ba.

A ƙarshe Hajiya ta fito da takardar wani direba da hannunta, ta ɗaga ta tana juyawa.

"Ashe dai abin ba na aljanu ba ne."

Darakta ya juya. "To, Bulus, ya yi ko bai yi ba?"

Ni ƙasa nake kallo.

"Ya yi, ranka ya daɗe. Malam Habu ya yi aiki mai kyau. A ba su."

Darakta ya ji daɗi, ya ja kujerar da kansa, ya ce to sai Oga ya zauna ya ɗan nuna yadda zai koyar da su. Ya zauna. Hannunsa ya bi tebur har ya taɓa maus, ya ɗan motsa shi, kibiyar ta gudu ta maƙale a kusurwar allo. Mu duka muna kallonta, shi yana kallon tsakiya. Sai ya saki.

"Ranka ya daɗe, wannan kibiya da kuke magana, ni ban taɓa ganinsa ba. Idona ya tafi, ya daɗe. Malam Habu zai koya musu."

Hajiya ta yi salati ta rufe baki da mayafi. Darakta ba mugun mutum ba ne. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ce kuma babu yadda zai yi, dole maganar ta je gaban likitocin gwamnati. Ya yarda Oga ya ci gaba da zuwa har takardarsa ta fito.

To, in kun tambaye ni wanne ya fi sauri, ba ni da amsar da za ta yi wa kowannenku daɗi. Har yau da baƙin allo nake buɗe aikina, kuma duk manhajar da na taɓa miƙa wa mutane da maɓalli na miƙa musu. Wanda ya raina ɗaya daga ciki bai daɗe a sana'ar ba. Yanzu akwai manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke kan allo, lokacin ko labarinta ba mu ji ba. Shi ya sa nake dawo muku da aiki in na ga maɓallin da ba shi da suna, ko wanda ba a iya kaiwa gare shi da kibod. Kuna cewa tsohon nan ya cika fitina, ina jin ku, ku dai je ku gyara.

Na yi mako ina koyar da 'yan rajista. Litinin ɗin da suka fara aiki da kansu, Oga ya shigo kamar kullum, ya yaye ƙyallen kibod ɗinsa, ya kunna tsohon allon da ba a riga an kwashe ba, ya ɗora yatsu ya zauna. Hantsi ya yi, ba wanda ya ƙwanƙwasa. Rana ta ɗaga, ba wanda ya leƙo.

"Malam Habu, leƙa baranda. Ba kowa ne?"

Na leƙa. "Ba kowa, Oga. Suna wajen Hajiya."

Ya karkata kai yana saurare. Ta bayan bango ana jin firintar rajista tana ta ƙara, ta tsaya, ta sake ɗauka.

"Kowane takarda da ya fito, wani ne ya sami gida," ya ce. "Mun gode Allah."

Ya rubuta umarnin kashe na'ura, ya buga, ya mayar da ƙyallen ya gyara masa kusurwa huɗu. Muka sauko tare. A bakin titi motoci suna ta wucewa, wurin da kullum yake tsallakewa shi kaɗai da kunne, yana tafe kansa a sama don kada kowa ya gane. Ya tsaya, ya miƙo mini hannu a gaban masu gadi da kowa.

"Oya, riƙe ni. Yanzu ba abin ɓoyewa."